Abin da takardun saman rufi suka koya mini

A ƙananan garuruwan yankin Franken, arewacin jihar Bavariya ta Jamus, Yahudawan da suka zauna a can a da sun daɗe da wata al'ada: takardar da ke ɗauke da sunan Allah, in ta tsufa ta yage, ba a zuba ta a shara. Sai a hau da ita saman rufin majami'a, wato wurin ibadarsu, a ajiye a wurin da suke kira geniza. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tsince takardar da ke da aya daga ƙasa a adana ta, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da irin waɗannan takardu na koyi sana'a lokacin da nake karatun gyara da adana tsofaffin rubuce-rubuce a Jamus.

Genizar da ta fi suna a yankin ita ce ta Veitshöchheim, wani ɗan gari a bakin kogin Main, kusa da Wurzburg. An gina majami'ar garin wajen 1730. A zamanin 'yan Nazi aka mai da ita gidan 'yan kwana-kwana, a 1942 kuma aka kwashe Yahudawan da suka rage. Sai a 1986, ana cikin gyaran ginin, aka tarar da tarin takardu a ƙarƙashin rufi. An sake buɗe wurin a 1994, kuma tun 1998 ake da shirin bincike a garin wanda ke tantance abin da aka samo nan da wasu ƙauyuka irin su Reckendorf da Memmelsdorf.

Farkon abin da aikin ya cusa mini shi ne haƙuri da datti. Kwali yakan zo cike da ƙura, kashin ɓera, ɓaraguzan rufi da takardun da damshi ya manne su wuri guda. Ka sa takunkumi, ka ɗauki burushi mai laushi, ka bi guntu-guntu. Malamarmu ba ta yarda a ce wa komai tarkace ba. Kafin ka ɗaga guntu sai ka rubuta kwalin da ya fito da abin da ke kusa da shi, domin sau da yawa maƙwabcinsa ne zai gaya maka shekarunsa.

Ido yakan ruga wajen littafin addu'a mai kyan bugu, alhali irinsa na nan a manyan ɗakunan karatu. Abin da ba za a samu a ko'ina ba shi ne rasit ɗin dillalin shanu, wasiƙar gida da harshen Yidish, takardar yaro mai koyon haruffan Ibrananci, ko ƙaramar kalandar aljihu bugun garin Sulzbach ko Furth. Kalandar nan ta fi komai burge ni. Kwanakin Yahudawa na ciki, bukukuwan Kirista na ciki, ga ranakun cin manyan kasuwanni. Shafi ɗaya ya isa ka ga mutumin da ke kiyaye Asabar ɗinsa, yana kuma lissafin ranar da zai kai saniya kasuwar maƙwabta.

Ba duk tarihi ne a takarda ba. Akwai wani dogon ƙyalle da ake kira wimpel. Zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya, kwana na takwas, shi ake yankawa gida huɗu a ɗinke tsawo, a rubuta sunan yaron da na mahaifinsa da ranar haihuwarsa da zare ko fenti, daga baya a riƙa ɗaure naɗaɗɗiyar Attaura da shi. A garin da rajistar haihuwa ta ɓace, wannan ƙyalle ne shaida. Sai dai bai ambaci uwa ba, 'ya mace kuwa ba a yi mata, shi ya sa gano tarihin mata ya fi wuya. Sai a wasiƙu, takardun aure da duwatsun kabari.

Haɗa sunaye shi ne inda aikin ke cin rai. Dokar Bavariya ta 1813 ta tilasta wa Yahudawa ɗaukar sunan dangi na dindindin, ta kuma ƙayyade yawan iyalan da za su zauna a kowane gari. Mutum guda sai ka gan shi da sunan Ibrananci a ƙyalle, da wani suna a rajistar hukuma. Ƙayyadewar ta tura matasa da yawa Amurka, da aka soke ta a 1861 kuma jama'a suka kwarara birane. Wato Yahudawan ƙauyukan sun fara watsewa tun kafin Hitler, shi ya zo ya hallaka sauran.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai har yau. Masu takardun nan sun ajiye su ne don su huta, ba don a baje su a gilashi ba. Ina ganin karanta su wajibi ne, tunda an kashe waɗanda za su ba da labarin, amma da ladabi. Ban taɓa ɗora shafin addu'a a ƙasa ba, kuma a ra'ayina duk shawarar abin da za a nuna wa jama'a da abin da za a binne, sai an yi ta tare da al'ummar Yahudawan da ke raye a yankin.