Abin da Shahnama ta Shah Tahmasp ta koya mini

Mawaƙin Farisa Firdausi ya kammala Shahnama a 1010, waƙa ce ta kusan baiti 50,000 kan sarakunan Farisa da jarumansu. A karatuna na tarihin zane, na fi daɗewa a kan kwafin da aka fara yi wa Shah Tahmasp, sarkin Farisa, a birnin Tabriz cikin shekarun 1520, mai zane 258, wanda gwanaye irin su Sultan Muhammad suka sa wa hannu.

Babban darasin da na ɗauka shi ne, ba a raba zanen nan da rubutunsa. Mai zane ba shi ke fara taɓa takarda ba. Sai an goge ta ta yi santsi, marubuci ya jera baitoci ya bar fili, sannan a kira shi. Baitin da ke saman filin ne ke gaya masa abin da zai zana. Ɗauki wurin da Rustam, babban jarumin littafin, ya soke saurayi Suhrab, wanda masu zane da dama suka yi. Wanda bai san labarin ba, mayaƙa biyu kawai zai gani, ɗaya sanye da fatar damisa, dokinsa Rakhsh na tsaye a gefe. Wanda ya sani kuwa, idonsa kan damtsen yaron zai tafi, yana neman ƙawanyar da Rustam ya bar wa Tahmina, mahaifiyar Suhrab, shaidar cewa ɗansa ne ya kashe.

Launuka ma sai da ilimi. Shuɗin nan mai ɗaukar ido daga dutsen lazuward ake niƙa shi, irin na yankin Badakhshan da ke Afghanistan. Kogunan da muke gani baƙaƙe kuwa, da azurfa aka zana su, shekaru ne suka dusashe ta.

A 1568 aka kai littafin kyauta ga Sarkin Usmaniyya Salim II. Ba'amurke Arthur Houghton ya saye shi a 1959, daga baya ya farke shi, ya ba gidan tarihin Metropolitan da ke New York zane 78, aka yi ta sayar da wasu ɗaya-ɗaya. Iran ta karɓo ragowar a 1994 ta hanyar musaya da wani aikin mai zane Willem de Kooning. Wasu na cewa farkewar ta sa mutane da yawa sun gani. Ni dai ban gamsu ba, domin mai kallon shafi ɗaya a bango ba shi da damar juyawa ya ga abin da ya kai jarumin wurin.