Tunkiya ta fi zaki haɗari a gandun namun daji

Mai ziyara idan ya shiga gandun namun daji, kejin zaki da na damisa yake nema, ɓangaren tumaki da awaki kuwa ya bar wa yara su je su shafa. Masu aikin kiwon sun san lissafin a juye yake. Zaki yana bayan ƙofa biyu da kwaɗo biyu, ba mai shiga share masa keji sai ya ƙirga da idonsa ya tabbatar kowanne yana kulle a ɗakin baya. Tunkiya kuwa kowa ya raina ta. Da takalmin da aka ratsa garkenta za a wuce wurin barewa, da bokitin da hannu ya kai za a ɗebi abincinta. Ta nan asara mai yawa take shigowa.

Galibin tumaki suna ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke haddasa wani mugun zazzaɓin dabbobi da likitocin dabbobi ke kira MCF. Ita tunkiyar ko atishawa ba ta yi. 'Yan raguna masu wata 6 zuwa 9 su suka fi fitar da ƙwayar ta hanci, iska ta ɗauke ta. Idan ta kai ga ɓaunar Amurka ko barewar nan mai ƙaho mai rassa, sai zazzaɓi mai zafi, ido ya yi fari, majina ta cika hanci, baki ya yi gyambo, cikin 'yan kwanaki dabba ta faɗi. Babu maganin da ke warkar da shi. Dabbar dawar Afirka da ake kira wildibis ita ma tana ɗauke da irin tata ƙwayar, 'ya'yanta sababbin haihuwa ke yaɗa ta, shanu ke mutuwa. Shingen waya ba ya tare iska, don haka tun wajen tsara gandu ake nisanta waɗannan garkuna, kuma kowane ɓangare ya zama da nasa takalman roba, nasa shebur, nasa baro.

Kyanwa ma haka. Wasu na barinta a rumbun ciyawa don ta rage ɓeraye, alhali kashinta na ɗauke da toksofilasma, cutar da ke kashe kangaru, da biran Madagaska da ake kira lemur, da ƙananan biran Kudancin Amurka, sau da yawa ba tare da wata alama ta gabata ba. Tarko da toshe ramuka sun fi kyanwa a wurin da ake kiwon waɗannan.

Sai ɗakin ajiyar abinci, wanda a ganina ya kamata a kulle shi yadda ake kulle ɗakin magani. Wasu kamfanoni na sa sinadarin monensin a abincin shanu da na kaji. Ga doki da jaki da jakin dawa guba ne: miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyin jiki ya isa ya lalata tsokar zuciyar doki. Raƙumi ma ba ya jure shi. Gishirin lasa na awaki kuma yana da sinadarin jan ƙarfe da yawa, domin akuya na buƙatarsa. Tunkiya kuwa tara shi take yi a hanta wata da watanni, ranar da aka wahalar da ita, ko da jigila ko da canjin yanayi, sai ya fashe cikin jini, fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, ta mutu. Maganin wannan ba tsada: kowane jinsi da launin bokitinsa, kowane buhu a juye shi cikin durom mai murfi da suna rubuce a jiki, sabon buhu kuma a karanta takardarsa ko da kamfanin da aka saba ne.

Abincin namun dawa wajen da ya fi ruɗar sabon ma'aikaci ke nan, saboda abin da dabba ta fi wawaso ba lallai shi ne ya dace da cikinta ba. Raƙumin dawa ganyen itace yake ci. Ka cika masa hatsi da 'ya'yan itace, zai cinye, amma tumbinsa ya yi tsami, ya daina narkar da abinci yadda ya kamata, ya riƙa lasar bango da ƙarfe, yana ramewa a ɓoye. Zaki da damisa in aka riƙa ba su zallar tsoka, ƙashinsu ke biya, domin tsoka na da fosforas da yawa, kalsiyam ɗinta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ɗan zakin da ya tashi a kan haka ƙafafunsa kan lanƙwashe, ƙashi ya karye da ɗan tsalle. Ana ba su nama da ƙashinsa, wani lokaci da fata da kayan ciki, a barbaɗa garin kalsiyam da bitamin. Babban zaki kan ci kamar kilo 4 zuwa 6 a rana, wurare da yawa kuma suna ware ranar da ƙashi kawai za a ba shi ya gwaguya. Kazar da ta mutu ba a san dalili ba, kada ta shiga kejin. Murar tsuntsaye ta H5N1 ta kashe manyan dangin kyanwa ta wannan hanyar. Birai kuma ayabar gona ta yi musu zaƙi da yawa, tana kawo ƙiba da ruɓewar haƙori da ciwon suga, shi ya sa gandaye da dama suka maye yawancinta da ganyaye da kayan lambu.

Aikin kowane yanayi tun kafin yanayin ya iso ake yin sa. Ciyawar sanyi tun tana araha da yawa ake lissafa ta: dabba mai tuƙa tana cin busasshen abinci kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana, wato akuya mai kilo 40 wajen kilo 1, sannan a ƙara wani abu a kai saboda wadda za a tattake. Ciyawar da aka ɗaure da danshi fiye da kashi 20 cikin 100 tana yin fumfuna, tana ma iya ɗaukar zafi har ta kama wuta a rumbu. Cusa hannu tsakiyar dami, in ka ji ɗumi ko warin ruɓa, fitar da shi. Ganyen raƙumin dawa ma ana yanka shi lokacin da itatuwa ke da ganye, a busar, ko a daskarar, ko a danna shi cikin durom a rufe ruf ba iska. Kowane reshe sai an san itacensa kafin a miƙa. Shukar adon nan oliyanda, 'yan ganyenta kaɗan sun isa kashe babbar dabba.

A ƙasashen sanyi raƙumin dawa shi ne abin fargaba. Kitsen jikinsa kaɗan ne, sanyi mai haɗe da ruwa da iska na iya kayar da shi dare ɗaya, musamman wanda dama abinci bai zauna masa ba. Ɗakinsa kada ɗuminsa ya gaza digiri 18 a ma'aunin Salsiyas, kuma a auna a ƙasa inda jariri ke kwanciya, tunda zafi sama yake tashi. A gwada janareto kafin ranar da za a neme shi. Daɓe mai santsi kuma a zuba masa yashi, domin raƙumin dawa in ƙafafunsa suka tale ba kasafai yake tashi ba. Kunkuru da ƙadangaru da aka mayar ɗaki suna buƙatar fitilar UVB, mai fitar da wani irin haske da ke cikin hasken rana, don jikinsu ya sarrafa kalsiyam. Gilashin taga na tare wannan hasken, kuma ƙwan fitilar na daina fitar da shi bayan wata 6 zuwa 12 alhali yana ci gaba da haskawa, don haka a rubuta ranar da aka saka shi a jikinsa.

Lokacin haihuwa, iyaye tumaki da awaki a yi musu allurar riga-kafin cututtukan kilostiridiya, irin su sarƙewar haƙora da gubar hanji, saura mako 4 zuwa 6 su haihu. Jariri ya sha dakashi kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa a ranar farko, mafi yawa cikin awa 6 na farko, kafin hanji ya daina tsotse garkuwar da ke ciki. A tsoma cibiya a aidin. Ɗan barewar da aka gani kwance shi kaɗai cikin ciyawa ba yasasshe ba ne, haka uwar ke ɓoye shi. Ɗauke shi a raine shi da kwalba yana da nasa sakamako: namijin da ya tashi a hannun mutum ba ya tsoron mutum, ranar da ya balaga ma'aikaci zai fara kai wa ƙaho.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta yi ɗumi, tsutsar ciki mai shan jini ke mulki. Macenta na zuba dubban ƙwai a rana. Ja fatar idon akuya ta ƙasa ka duba: ja lafiya, fari-fari jini ya ƙare, kumburi a ƙarƙashin haɓa kuma an makara. Ɗura wa garke duka magani kowane wata shi ne ya sa tsutsar ta saba da magunguna da yawa. Abin da ya fi shi ne a ƙirga ƙwai a kashi, a ba wadda ke buƙata, a sake ƙirgawa bayan kwana 10 zuwa 14. In ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba, maganin ya fara gazawa. Su barewa da gwanki ba sa kamuwa a ɗura musu, a abinci ake sa musu, sai babba ya cinye rabon ƙarami. Don haka kwashe kashi kullum da ɗaga ciyawa daga ƙasa ya fi aiki a wurinsu.

Kafin zafi ya kankama a yi wa alfaka, dangin raƙumi mai yawan gashi daga Kudancin Amurka, aski. Alade ba ya gumin da zai sanyaya shi, sai a tanadar masa taɓo da inuwa. Kama barewa kuwa da sassafe ake yi, cikin shiru, a gama da wuri. In aka yi ta korarta cikin rana tsokarta na lalacewa, fitsari ya koma ruwan ƙasa, ƙoda ta tsaya. Wata ta mutu nan take, wata sai bayan kwanaki, har a manta da abin da ya jawo. Lokacin ne kuma baƙi ke cika gandu suna ɗura wa awaki hatsi. Taure shi ke shan wahalar: tsakuwa ta toshe masa mafitsara, ka gan shi yana yunƙuri yana kuka ba fitsari. A ƙayyade abincin da za a sayar wa baƙi a rana, a cire shi daga rabon garken. A bakin fita a sa famfo da sabulu, domin man goge hannu na sanitaiza ba ya kashe kiriftosiforidiyam, ƙwayar cutar gudawa da yara ke ɗauka daga 'yan maruƙa da 'yan awaki.

Duk dabbar da ta shigo sabuwa, ko tunkiyar kyauta ce, kwana 30 a killace mafi ƙaranci, da gwajin jini da na kashi sau uku. In wata ta shigo ɗakin kafin wa'adin ya cika, ƙirgen ya koma farko ga dukkansu. Mai kula da su ya zama daban, in ba hali kuma ya je musu a ƙarshen aikin rana, ya sauya kaya da takalmi kafin ya fito.