Alhamdulillahi, an bar muƙalar

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya da daddare aka rufe tattaunawar da ake yi kan ko a share muƙalar da na rubuta a kan wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai mata ta Amurka, kuma an bar muƙalar a Wikipedia. Na yi sujadar godiya, na kashe waya, na yi barcin da rabona da irinsa tun farkon hunturu. Ba sai na maimaita muku ba, kun ga komai da idonku. Wata biyar ina tonon tarihin ƙungiyoyin zumuntar ɗalibai mata na jami'o'in Amurka, masu sunayen haruffan Girka, waɗanda suka mutu ko manya suka haɗiye su. Ga karatu, ga ciwon idon da ya raba ni da kwamfuta har mako biyu.

Manyan ba su wahalar da ni ba. Littafin Baird na tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi, wanda aka fara bugawa a 1879, ya tanadi labarinsu. Delta Zeta kaɗai ta haɗiye huɗu: Beta Phi Alpha a 1941, Phi Omega Pi a 1946, Delta Sigma Epsilon a 1956, sai Theta Upsilon a 1962. Wasu tun karyewar tattalin arzikin 1929 suka fara tangaɗi, 'yan mata ba su da kuɗin biyan gudummawa, rassa suka yi ta rufewa. Wadda ta hana ni barci ita ce ƙaramar nan ta kwalejin horon malamai. Wani edita ya sa mata alamar sharewa, ya ce babu madogara mai zaman kanta. Raina ya ɓaci, amma in faɗi gaskiya yana da hujja, don abin da ƙungiya ta rubuta a kan kanta kirarin kai ne, ba shaida ba. Kwana bakwai ake bayarwa a tattauna kafin a yanke hukunci.

A rana ta biyar ba ni da komai a hannu. Ina zaune a ɗakin adana kayan tarihi, wanda yake can ƙarƙashin ginin laburare, idona yana zubar da ruwa, ni kaina ban san na ciwo ne ko na kuka ba. Lokacin tashi ya yi, dattijuwar da ke kula da wurin har ta sa rigar sanyinta. Ta dube ni, ta cire rigar, ta koma ciki ta turo keken kwalaye. Tsofaffin jaridun garin ne, takardar ta yi ja, tana neman marmashewa in an taɓa. Muka yi ta buɗawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga ina duba agogo sai ta tambaya ko lokacin sallata ne, ta share min wuri tsakanin kantoci biyu, ta ci gaba da bincike ita kaɗai. Ina sallame sallar magariba na ji ta kira ni. Ta samo labarin kafa reshen ƙungiyar a shafin farko, da hoton 'yan matan su tara.

Sai da muka gama ɗaukar hotunan shafukan ta ciro wani ɗan fil na zinariya daga jakarta. Na mahaifiyarta ne, 'yar Pi Kappa Sigma, wadda aka kafa a Ypsilanti ta jihar Mishigan a 1894, ta shige cikin Sigma Kappa a 1959. Ta ce tsohuwar har ta rasu ba ta daina kiran tsohon sunan ba. Baiwar Allah, kin ce kada in rubuta sunanki, na bi umarninki. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa ki gama aiki lafiya, Ya haɗa ki da masu tausaya miki kamar yadda kika tausaya min.

Inna, kin hana ni ambatonki a intanet, ki yafe min yau ɗaya. Ba ki san me ake nufi da muƙala ba, amma kullum bayan asuba sai kin kira kin tambaya ko "takardar 'yan matan" ta tsira. Allah Ya ƙara miki nisan kwana, Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Yaya Babba da ya biya kuɗin tabarau, Allah Ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ƙawata 'yar Damagaram da ta yi ta aiko min da tuwo da miyar kuka lokacin da ba na iya kallon wuta, Allah Ya ba ki zuriya ɗayyiba. Editocin Wikipedia ta Hausa da suka tsaya min da shawara da addu'a, Allah Ya bar zumunci.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu da suka ce wahalar banza nake yi a kan matan Turawa da suka riga suka mutu. Ba komai. Na dai so a ce ko sau ɗaya an kira an tambayi idon. Allah Ya shirya mu baki ɗaya.

Theta Sigma Upsilon ce ta rage min in rubuta, wadda ta shiga Alpha Gamma Delta a 1959. Likita ya ce in huta wa allo mako guda, wannan karon kuma zan ji maganarsa. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.