Gashin Inasal: Inda Na Kai a Gwaji na Uku

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gashi. Jiya Asabar na sake hura gawayi saboda kazar nan ta 'yan Filifin, kuma wannan karon na ji ƙamshin da nake nema.

Ga wanda bai san mafarin ba: wata biyu da suka wuce wani abokin aikina ɗan Filifin ya kai ni wani ƙaramin gidan abincinsu a unguwar Satwa, nan Dubai. Aka kawo cinyar kaza tsire a tsinken gora, fatar ta yi ja tana ƙyalli, ga farar shinkafa, ga wasu 'yan mitsi-mitsin lemo da suke kira kalamansi. Ya matse lemon cikin ruwan khal da barkono, ya ɗiga wani jan mai a kan shinkafata, ya ce in ajiye cokali in sa hannu. Sunan gashin inasal, garin Bacolod da ke tsibirin Negros ne ya yi suna da shi. Babu yaji, babu ƙuli. Tsami ne da hayaƙi da tafarnuwa, amma ya ratsa har ƙashi.

Gwajin farko wuta ce ta ci ni. Na ɗora a kan garwashi mai ƙarfi irin na tsire, sukarin da ke cikin haɗin ya ƙone, waje baƙi, ciki da jini. Na biyu kuma na bar naman ya kwana a jiƙe, tsami ya dafa shi tun kafin ya ga wuta, ya fito da wani irin laushi marar daɗi.

Jiya cinya 6 na tsaga har ƙashi. Na daka tafarnuwa da ɗanyar citta da gindin ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sawa a shayi, su tanglad suke ce mata. Na zuba khal ɗin kwakwa rabin kofi, ruwan kalamansi, jan sukari cokali 2, gishiri da masoro. Awa 3 kawai a firij na fitar.

Inda na fi daɗewa shi ne jan man. Da wasu 'ya'yan itace ƙanana masu tauri ake yin sa, sunansu achuete, ana samunsu a shagunan 'yan Filifin. Cokali 2 na zuba a rabin kofin mai, wuta can ƙasa, ina kallo launin yana fita a hankali har man ya koma kamar manja. Da zarar 'ya'yan sun fara duhu a sauke, in ba haka ba ɗaci zai shiga. Na tace, na narka bota a ciki. Don Allah kada wanda ya ce zai maye shi da manja; launin zai zo, amma ɗanɗanon wata ƙasa daban zai kai ka.

Gawayin na jira sai da toka ta rufe shi, na tura rabinsa gefe guda. Na riƙa juyawa ina shafa man da ganyen ciyawar da na ɗaure kamar tsintsiya. Duk shafawa sai mai ya ɗiga, hayaƙi ya taso ya lulluɓe naman, kuma wannan hayaƙin ne na gane shi nake ci a Satwa ban sani ba. Kusan minti 30 kafin ruwan da ke fita daga jikin ƙashi ya zama garau.

Saura fatar. Tasu tana ɗan ƙaras-ƙaras a baki, tawa har yanzu akwai danshi, ina zargin ban tsane naman sosai ba kafin in ɗora. Masu gwadawa daga gida inda babu kalamansi, ku haɗa lemon tsami da ɗan lemon zaƙi, yana kusantowa.

Mako mai zuwa in Allah ya yarda zan soya fata da kitsen kaza in fitar da man da ake ɗigawa a kan shinkafar, in kai wa abokin nawa ya ɗanɗana.