Gawayin Kaka da Fuskar Kaka

Ni tela ne, shagona yana Asawase a nan Kumasi, gidanmu kuma yana Aboabo. Zane da gawayi rashin wuta ne ya jefa ni cikinsa. A 2015, lokacin da ɗauke wuta ya addabi Ghana har kowa ya haddace kalmar dumso, kekena mai aiki da lantarki sai ya wuni a kashe. Wata rana zaman ya ishe ni, na tsinci guntun gawayi daga cikin na dutsen guga, na jawo takardar buhun siminti da nake fitar da wuyan riga a kanta, na ce wa yaron shagona ya zauna shiru. Da na gama ya duba ya ce, "Maigida, wannan ai akuya ce ta sa hula." Bai yi ƙarya ba.

Daga nan na koma satar gawayi a buhun Kaka, wadda take dama kokon sayarwa tun asuba. Gawayin da motoci ke kawowa daga wajen Kintampo an yi shi ne don ya daɗe yana ci a kurfoti, saboda haka itacensa mai tauri ne, yana kartar takarda, baƙinsa ma bai kai ba. Sai na koyi yin nawa. Ina yanka siraran rassan gwaiba ko na darbejiya kamar tsawon yatsa, in ɓare bawon, in bar su su bushe, in cusa su cikin gwangwanin Milo, in huda murfin da ƙusa sau ɗaya, in tura cikin garwashin Kaka bayan ta sauke tukunya. Hayaƙi zai yi ta fita ta hudar nan, idan ya daina an gama. Kada ka buɗe sai ya huce, domin da iska ta shiga yana da zafi, toka za ka kwasa. Na kwashi toka sau biyu kafin in yarda. Daga baya na sayi irin na kanti a Adum, wanda ake niƙa gawayi a haɗa da ƙaro a matse. Ya fi baƙi ƙirin, amma in ya hau takarda ba ya son sauka, don haka sai a ƙarshen aiki nake taɓa shi.

Kuskurena na farko shi ne idanu. Kullum can sama nake kai su, kusa da gashi, goshi ya ɓace. Kumasi gari ne na masu zanen allo, wanda ya bi ta Suwame ya san shagon Kwame Akoto da ake kira Almighty God, kuma irinsu suna da yawa a bakin titi. Wani dattijo mai zana allunan masu aski ne ya karɓi takardata ya ce, "Kai da kake tela, ina awonka?" Ya sa na ɗauki tef na auna kaina: daga tsakar ka zuwa ido, daga ido zuwa haɓa, kusan daidai suke. Tsakanin ido da ido kuwa faɗin ido ɗaya ne. Kunya ta kama ni. Shekara nawa ina auna kafaɗun mutane, ban taɓa auna abin da nake kallo kullum ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne baƙar fata, wato tamu. Da fari ina ganin tunda mutum baƙi ne sai in dirje fuskar duka da gawayi, in bar fararen idanu da haƙora, hoton ya fito kamar gindin tukunya. Amma ka tsaya ka kalli fuskar mutum da hantsi a bakin ƙofa. Akwai haske a goshi, akwai a karan hanci, akwai a kan ƙashin kunci da leɓen ƙasa, har a ƙarƙashin haɓa akwai wani ɗan haske da farar riga ke mayarwa. Yanzu sai in shafe takardar duka da garin gawayi da tsumma ta yi toka-toka, sannan in riƙa ɗebe hasken da magogi mai laushin nan da ake murzawa kamar cingam. Kafin in same shi tsakiyar burodi nake mulmulawa, tana aiki, sai dai mai bota yana barin tabon mai. Farin ido ma ba fari ba ne, yana cikin inuwar fatar ido, in ka bar shi fes mutumin zai fito a firgice.

Jiki kuwa a kasuwar Kejetia na koye shi. A zango ba wanda zai tuɓe maka riga don kana son koyon zane, ni ma ba zan nema ba. A nan ɗinki ya taimake ni, don na san inda kafaɗa take ko da a cikin babbar riga. Nakan zauna gefe in zana masu ɗaukar kaya, 'yan matan nan da ake kira kayaye, minti biyu kafin su wuce. Tsawon babban mutum kamar kai bakwai da rabi ne, amma wannan lissafin bai ishe ka ba. Dubi ƙafar da nauyi yake kanta: ƙugun wannan gefen yana ɗagawa, kuma in ka saki zare daga ramin wuya zai faɗi kusa da idon sawunta. Da na gane wannan mutanena suka daina kama da masu shirin faɗuwa. Wata daga cikin 'yan matan nan ta taɓa kama ni ina kallonta, ta wanke ni tas da Dagbanci. Tana da gaskiya. Tun ranar sai na nemi izini, in kuma an ƙi in naɗe takardata.

Wani malaminmu ya taɓa kirana ya tuna mini hadisan da suka yi magana a kan masu yin surar abu mai rai. Na saurare shi da ladabi, na kuma tambayi wasu, na ji sun bambanta a kan abin da aka sassaƙa da wanda ke kan takarda. Har yau maganar tana raina, shi ya sa ba na rataye ko ɗaya a ɗakin da nake salla.

Kaka ce ta ƙarshe da ta yarda ta zauna mini, da sharaɗin in biya gawayin da na sata. Na so in faranta mata, sai na rage tamojin goshi, na cike kuncin, tsagar da ke fuskarta ma na sassauta ta. Na fesa masa feshin gashi don kada ya goge, abin da ba na ba kowa shawara, domin takardar tana yin ɗorawa daga baya. Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi, ta ce, "Mijina, kishiya ka yi mini? Wannan 'yar gidan wa ce?"

Na ce, "Kaka, ke ce mana, lokacin kina ɗanya."

"Lokacin ina ɗanya ma da tsagata. Ubana ne ya sa aka yi mini ita, kai wane ne da za ka share?"

Washegari bayan ta sauke koko na sake zaunar da ita a bakin zaure, hasken safiya na dukan gefen fuskarta na hagu. Kwana uku muka yi, rabin awa kowace rana, tana jan carbi tana mitar bayanta. Na sa kowace tsaga inda take, da ramin da haƙoran da suka fita suka bari, da idon daman da ya fi na hagu runtsewa. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta dangwala yatsa a kuncin hoton, gawayin ya biyo yatsan. Ta goge a zaninta ta ce in kai wa ƙanwarta a Alabar ta gani, amma in dawo da shi kafin magariba.