Tudun da aka tura dakarunmu cikin ƙanƙara

Bikin ɗan yayata ne ya kai ni Faransa, amma tun da na dawo Damagaram duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa labarin wani tudu nake ba shi. Na fara da ɗan sandan filin jirgi, don har yanzu abin yana raina. Takarduna cikakku, biza a hannu, mutumin nan ya juya fasfo ɗina kamar ya tsinci kayan sata, ya tambaye ni sau uku yaushe zan koma. Ko amsa gaisuwa bai yi ba. Haba, yaron da na haifi kamarsa!

Mai masaukina a birnin Reims mutumin Zangon Damagaram ne, ya daɗe can yana tuƙin babbar mota. Allah ya saka masa da alheri. Ya ajiye aikinsa, ya ara mini rigar sanyi, ya ce, "Baba, ba za ka koma ba ka ga inda aka zubar da jinin mutanenmu ba." Ko kuɗin mai bai bari na taɓa ba.

Wurin sunansa Chemin des Dames, dogon tudu ne mai wajen kilomita 30 tsakanin kogin Aisne da na Ailette, inda Faransa da Jamus suka gwabza a Yaƙin Duniya na Farko. Yau gonaki ne lafiya lau, sai ka shiga dajin da ke gefen tsohon ƙauyen Craonne ka ga ƙasa duk ta yi tudu da kwari saboda ruwan harsasan igwa. Ƙauyen ma an shafe shi, sai gefe aka gina sabo. Ramukan yaƙin suna nan a karkace cikin itatuwa, kamar gwalalon bayan ganuwa da ya cike rabi. Jamusawa sun kama saman tudun nan tun 1914, suka haƙa ramuka jere bayan jere, suka shinge su da waya mai ƙaya, suka girke bindigogi masu jigida.

Muka sauka wani kogo da ake kira Caverne du Dragon, tsohon wurin fasa duwatsun gini ne a ƙarƙashin ƙasa. Sanyi da danshi suka ratsa ni har ƙashi. A irin waɗannan koguna Jamusawa suka fake lokacin da Faransa ta yi kwana da kwanaki tana luguden wuta a saman tudun. Janar Nivelle, babban kwamandan sojojin Faransa, ya yi alkawarin fasa layinsu cikin kwana biyu. Ranar 16 ga Afrilu 1917, ƙarfe shida na safe, aka ba dakaru umarnin fita daga ramuka su hau. A cikinsu akwai dubban baƙaƙen fata da Faransa ta kwaso daga Afirka ta Yamma, duk ta laƙa musu sunan 'yan Sanagal ko daga ina suka fito, yawancinsu ƙarƙashin Janar Mangin. Ana ruwa haɗe da dusar ƙanƙara, sun kwana cikin taɓo, yatsun wasu sun sandare har ba su iya riƙe bindiga. An tsara su ci mita 100 duk minti uku a bayan wutar igwarsu, sai taɓo da nauyin kaya suka riƙe su, wutar ta yi gaba ta bar su a fili. Jamusawa suka fito daga koguna, wasu ta bayansu ma, suka buɗe wuta.

Na tsaya a bakin gangaren na leƙa ƙasa. Wallahi ni da ba na ɗauke da komai, da rana tsaka, ba zan hau shi a guje ba. Mu da hunturun Janairu ke hana mu fita sai da gwado, yaya ɗan Sahel zai yi a nan? Ɗan majalisa Blaise Diagne, mai wakiltar Sanagal, ya tashi a majalisar Faransa a wannan shekarar ya kai kukan yadda aka yi asarar mutanen. An cire Nivelle a watan Mayu, sojojin Faransa da kansu suka yi bore suka ƙi komawa. A gefen kogon an kafa dogayen gumakan itace baƙaƙe guda tara a 2007 don tunawa da dakarun Afirka. Shekara 90 kafin a tuna, wannan jinkirin ya yi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin shekaru. A 1899 Faransawa suka ci rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga a Tirmini. Shekara 18 kacal bayan haka, ga 'ya'yan ƙasashen da suka ci da yaƙi suna mutuwa don kare musu tasu ƙasar. Mu kuwa kullum muna wuce Tirmini a mota kan hanyar Takieta, ba mai waiwayawa, ba mai gaya wa ɗansa abin da ya faru a wurin. Can kuwa na ga mota cike da 'yan lakwal, malaminsu yana nuna musu rami ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam sun fi mu.

A wata makabartar sojoji muka sami duwatsun kaburburan Musulmi, an rubuta "wannan kabarin marigayi ne" da Larabci a samansu. Muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a. Mai share wurin ya dakatar da injinsa har muka shafa, ya ɗaga mana hula. Shi ma ba zan manta da shi ba.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. Ɗan kofin shayi Yuro 3, kusan jaka biyu ke nan, abin da zai ciyar da mutum yini guda a Kasuwar Dole. Ruwan sha ma sai ka saya, kuma maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci.

Paris kwana kaɗan na yi, cunkoso ne da sauri, ban ji daɗinta ba. Daga Yamai na hau motar asuba, muka iso Damagaram cikin dare, ƙafafuna duk sun kumbura.