Inda aka kwana kan gadar karan dawa

'Yan uwa masu koyo, 'yar gadar nan da nake gwada haɗawa irin wadda ake ratayewa da igiyoyi ce. Ginshiƙai biyu sun tsaya, na icen darbejiya, a bakin ɗan kwazazzabon da ke bayan gidanmu nan ƙasar Ringim. Manyan igiyoyin da ke bi ta kansu na wayar birkin keke ne. Daga jikinsu zaren buhu ke saukowa ya riƙe daɓen, wato shimfiɗar da ake bi a kai, wanda na jera da karan dawa.

Wanda zai fara, ya kula da turaku. Ginshiƙi tallabe igiya kawai yake yi, amma jan da take yi a turken da aka kafa can baya yake ƙarewa. Kada kuma a ɗame ta ƙam don ta yi kyan gani, domin iya ɗamewarta iya tsananin jan. Na bar tsakiyarta ta sauko kusan kashi ɗaya cikin goma na tazarar ginshiƙan, kamar yadda ake yi wa manyan gadoji.

Na so in gwada sarƙa, tunda da ita magabata suka fara irin waɗannan gadoji na zamani: James Finley a Amurka a 1801, sai Thomas Telford da gadar Menai ta ƙasar Birtaniya a 1826, mai tazarar mita 176. Sarƙa dai nauyi gare ta, kuma zobe ɗaya ya tsinke an shiga uku. Waya kuwa silili ne masu yawa, ɗaya ya gaza sauran su riƙe. Da wayar ƙarfe aka rataye gadar Brooklyn ta Amurka a 1883, aka kai tazarar mita 486. Yau ta Canakkale a Turkiyya, da aka buɗe a 2022, tazararta mita 2,023 ce.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne iska. Gadata ta ɗauki bulo ba ta ce uffan ba, amma da hunturu ya kaɗa sai daɓen ya dinga murɗewa, gefe ɗaya sama, ɗaya ƙasa, yara na ta shewa. Irin murɗewar nan ce ta kayar da gadar Tacoma ta Amurka a Nuwamban 1940, wata huɗu da buɗe ta, don daɓenta siriri ne marar kauri.

Yanzu ina ɗaure wa daɓen haƙarƙarin gora a gicciye ta ƙasa, don ya daina murɗewa. Wanda ke da tsohuwar fankar caji a kusa ya ara min, in gwada kafin iskar ta sake tasowa.